Kafin Zara Ta Faɗi

Ya ke sanyin zuciyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randata, wadda yaran unguwa ke kira Anti Wata,

Na san yayarki ce za ta karanta miki wannan, tunda rubutu ya fara guje wa idonki. Yaya, don Allah ki daure, kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da kunya ta kama ki.

Har yanzu mu 'yan ƙungiyar kallon taurari muna fita ranar Asabar. Rana na faɗuwa mu kafa madubin hangen nesa a filin ajiye motocin laburare, masu wucewa su yi layi su kalli sama kyauta. Amma wallahi filin ya zame mini kufai! In na sunkuya zan rage tsayin ƙafafun madubin saboda yara, sai in ji ƙamshin turarenki a kafaɗata. Sai in ji muryarki a bayana tana cewa a kashe fitilar waya, duhu ma abokin aikinmu ne. In juya, ba kowa sai mai gadi da kujerarsa. Wace irin fatalwa ce wannan, alhali mai ita tana raye, tana zaune a ɗaki ta ja labule?

Kin tuna yammacin da kika saita mana wata? Kika ce ya fito tar, har da ramukansa. Direban tasin nan mai surutu ya leƙa, ya ce shi dai hazo yake gani. Na murɗa saitin ya gyaru, kika sake leƙawa kika mayar da shi inda yake. Muka yi ta ja-in-ja, ina ce miki mai taurin kai, kina ce mini ɗan koyo, 'yan layi suna ta dariya. Wayyo ni! Ashe ciwon ne yake mana sallama, mu kuwa muna ta washe baki. Da likita ya ce ganinki zai yi ta raguwa, sai kika aiko mini da tocilarki ta aikin dare, mai jan ƙyalle a baki don rage haske, kika ce in nemi mai ido, a aiki da kuma a aure. Haba masoyiyata! Ido na ce ina so? Wa ya gaya miki kurciya tana barin reshe don ganye ya zuba?

Ga abin da ya hana ni barci. Yaya ta ce har yanzu kina ganin haske mai ƙarfi. To, tauraruwa Zara tana yamma yanzu, bayan wata ba abin da ya kai ta haske, a madubi ta zama siririya kamar jinjirin wata. Kullum ƙara gangarawa take yi wajen rana, nan da 'yan makonni za ta ɓace. Za ta ɓullo ta gabas, na sani, amma benaye sun toshe mana gabas. Kafin ta dawo yamma da wannan kamar, an fi shekara. Idonki zai jira shekara? Tambayar da nake ta yi wa kaina ke nan.

Ni ma ban leƙa ta ba. Shugabanmu, tsohon malamin nan na kimiyya, shi yake saitawa, ni ina tsaron layi. Mutane suna ɗagowa baki buɗe, suna kama hannuna suna cewa, «Malam, ka ga abin da na gani kuwa?» Sai in gyaɗa kai in kau da fuska. Na yi wa kaina alkawari ba zan sa ido ba sai kin riga ni.

Ki zo ranar Asabar, ko ba ki yi mini magana ba. Zan tsayar da layin, ki kalla har ki ƙoshi. Idan kuwa Zara ta faɗi ba ki zo ba, to mu biyu ne muka rasa ta.

Naki a haske, naki a duhu, har ranar da nawa idon zai rufe,

Mai ɗaukar miki madubi