Gwangwanin Masarar Da Kika Maido Mini

Funtuwa,
Disamba, 1986.

Zuwa ga Liatu, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, farar audugar da ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, 'yar Baba Enoch wadda babu kamarta tun daga Malumfashi har inda titin jirgi ya ƙare! Gaisuwa mai yawa da so da bege, tare da fatan Ubangiji yana kiyaye ki, ke da Baba da Mama. Ni dai ina nan da rai, amma idan na ce miki ina lafiya na yi ƙarya.

Saƙonki ya iso. Sada direba ya tsaya a bakin tasha, ya miƙo mini ƙullin tsumma ta taga, ya ce daga gare ki ne, ya ja motarsa. Tun kafin in kwance na ji ƙarar abin da ke ciki, na kuwa gane ta. Gwangwanin madarar nan ne, da ƙwayar masarar da muke wasa da ita. Na zazzage shi a tafin hannu, na leƙa ciki, na juya tsumman gaba da baya, ko layi ɗaya babu. Haba Liatu! Ke da kika fi ni iya alƙalami, ke da malaman mishan ke nuna rubutunki ga sauran ɗalibai, yau kalma ɗaya ta gagare ki? Me kike nufi da shi? Ga kayanka, mun rabu? Ko kuwa ga jarinka, tashi ka sake farawa? Ga shi an ce bayan Kirsimeti za ki tafi Zariya koyon aikin jinya. Idan kika tafi ban san ko har yanzu ni ne mai aurenki ba, wallahi ban san yadda zan yi da raina ba.

Kin tuna yadda abin ya faro? Lokacin ina zuwa zance gidanku ba ni da komai sai keke da dogon buri. Na gaya wa Baba na gaji da ɗora buhu a sikeli a kasuwar auduga, so nake in zama ɗan kasuwa mai cin gashin kansa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya shiga ɗaki ya fito da damin takardun farashin da ya riƙa rubutawa mako-mako tun yana malamin awon amfanin gona, da tsofaffin jaridun da ya ajiye saboda shafin canjin kuɗi. Ya ce in fara yin asara a takarda tukuna, ta fi arha.

Ke kika tsara wasan, ya mai hikimar da ta fi shekarunta. Mu zauna a gindin mangwaron gidanku bayan la'asar, ki buɗe wata shekara da ta daɗe da wucewa, ki karanta mini mako guda: buhun masara a Bakori kaza, dawa kaza, auduga kaza, naira ɗaya sefa kaza. Sai ki ɗora tafin hannunki a kan makon da ke biye, ki ce in zaɓa, ko in saya, ko in sayar, ko in kame hannuna. Ƙwayar masara ita ce kuɗi. Idan na faɗi nawa sai ki ɗaga hannun. In na dace ki ƙara mini a gwangwani, in na kuskure ki ɗiba ki watsa wa kajin Mama. Har cinikin gaba muka yi, irin wanda ake biyan manomi tun amfani yana tsaye a gona, a yanke farashi tun da damina, kaka ta zo ta nuna wanda ya ci riba.

Wayyo waɗannan yammaci! Iska tana kaɗa ganyen mangwaro, Mama tana daka a bayan ɗaki, ke kina karanta lambobi da muryar nan taki ta 'yan mawaƙan majami'a, har farashin dawa ya koma kamar waƙar yabo. Muka ratsa shekarar babban fari na fito da riba. Muka ratsa shekarar da aka yi ƙarin albashi kaya suka yi tashin gwauron zabo, nan ma na fito da riba. Gwangwani ya cika har ya ƙi rufuwa. Kajin Mama suka riƙa zagaya mu suna hararata, don da wuya su sami ƙwaya ɗaya daga wurina. Baba ya sa mini suna attajirin gwangwani, ni kuwa kai ya kumbura, ina tafe ina jin babu kasuwar da za ta kayar da ni.

Daga nan kika sayar da keken ɗinkinki. Keken da kika yi shekaru kina tara kuɗinsa da ɗinkin hannu, wanda kike goge shi kowace safiya kamar jariri. Kika ƙulle kuɗin a gefen zane kika kawo mini, kika ce jari ne, idan ya haihu mu yi aure da kaka. Ina iya mantawa da wannan ranar?

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa miki da bakina, don har yau daga bakin mutane kike ji. Da daminar bara na je Bakori na biya manoma kuɗin masara tun tana fitar da gemu, a farashi mai tsada, domin lokacin daga yunwa aka fito, kuma a takardun Baba duk shekarar da ta biyo bayan yunwa hatsi bai yi saurin sauka ba. Sai Ubangiji ya buɗe sama. Ruwa ya yi kyau, gonaki suka yi albarka, kowa yana murna, ni kaɗai nake kallon buhuna suna shigowa kasuwa ina lissafin asarata. Farashi ya faɗi warwas. Na jibge masarar a sito ina jiran ta tashi, ƙwari suka shiga cinta, mai sito yana karɓar haya. Da aka buɗe kan iyakar Nijar na sallamar da ita ga mutanen Maraɗi, suka biya ni da sefa. Ko kwana ban bari sun yi a aljihuna ba, na ruga wurin 'yan canji na maida su naira, saboda a duk jaridun da kika taɓa karanta mini naira ce ke sama. Ba a daɗe ba naira ta zube. Da na riƙe sefar nan na ɗan lokaci, da tuni kekenki yana ɗakinki. Abin da ya rage mini haya da kuɗin mota suka lashe.

Na daɗe ina tambayar kaina, ina gwanintar ta tafi? Wanda ya ci shekarun fari a gindin mangwaro, yaya damina ɗaya mai albarka ta yi masa tsirara? Sai kwanan baya na ɗauko takardun da Baba ya ba ni aro, na kira abokina Manu, mai gadin sito, na koya masa wasan. Tsakuwa muka sa a madadin kuɗi, tunda gwangwanin yana wurinki. Shekarun nan dai da na cinye a gabanki su muka maimaita. Liatu, kafin rana ta karkata ko tsakuwa ɗaya ba ta rage a gabana ba! Ina cikin mamaki sai na lura da wani abu. Duk lokacin da Manu ya ɗora hannu a takarda, ba lambobin nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Ina neman wani abu a cikinta ban samu ba, don kin san Manu, fuskarsa kamar gindin turmi take.

A nan na gane. Ashe ban taɓa koyon kasuwa ba, ke na koya! Idan farashi zai tashi, kina cije leɓenki na ƙasa kina ɓoye dariya. Idan zai faɗi, sai ki kau da kai ki dubi kaji, kamar kina tausaya mini tun ban yi asarar ba. Idan bai motsa ba sai ki gyara ɗaurin ɗankwali. Idona ya haddace waɗannan duka ba tare da ya shawarce ni ba, ni kuwa ina ta yaba wa ƙwaƙwalwata. Wace irin fuska ce wannan da ba ta iya ɓoye wa masoyinta komai? Wane irin ido ne nawa da ya bar takarda ya tafi kiwo a kumatunki? Na shiga kasuwar gaske ina waige-waige, babu leɓen da za a cije mini, babu mai kau da kai domina. 'Yan canji ba su ƙaunata, Liatu, fuskarsu ba ta gaya mini komai.

Ranar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Ba don kuɗin ba. Na yi kuka ne don na ga irin son da kike yi mini, wanda ya fi ƙarfin fuskarki har yake tsiyayowa ba ki sani ba, na kuma ga abin da ya jawo miki.

Ko kuwa kin sani? Wannan tambayar ce take hana ni cin abinci. Ko kin riga ni ganewa, kika zauna kina zargin kanki, kina cewa ke kika ruɗe ni, shi ya sa kika kasa rubuta ko kalma? Idan haka ne, na roƙe ki don girman Allah ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. Wa ya taɓa tuhumar rana don ta haska? Ba ki yi komai ba sai so. Duk dukiyar da ke sitocin Funtuwa ba ta kai cizon leɓen nan guda ɗaya ba a wurina, ko da yake na san mai fama da rashin keke ba za ta ci wannan magana ta ƙoshi ba.

Don haka ga abin da nake yi. Na kama aiki a injin gurzar auduga, ina ɗaukar kaya tun safe, gashina da girata fari fat kamar tsoho, da kin gan ni da kin yi dariyar nan taki. Na bi sawun kekenki har na same shi a Bakori, a wurin wata tela mai suna Nana. Mutuniyar kirki ce, ta yarda za ta sayar mini idan na haɗa kuɗin. Duk ranar kasuwa nakan biya in gaishe ta, in ɗan dubi keken. Har yanzu ɗan ƙyallen shuɗi da kika ɗaura a hannunsa yana nan, na roƙe ta kada ta cire. Wasan ma ban bari ba. Ni kaɗai nake yi yanzu, in kifa faifai a kan makon gaba, in zaɓa, in ɗaga. Asara nake yi fiye da riba, amma tawa ce, kuma a hankali na fara gane abin da Baba ya so in gane tun farko, cewa shekarar da ta wuce ba ta ɗaukar wa mai zuwa alkawari. Ba zan sake taɓa gumin wani in kai kasuwa ba, balle naki.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuya. Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti zan zo Malumfashi. Bayan an tashi sujada zan gaida Baba da Mama, sannan in tsaya a gindin mangwaron nan da gwangwanin a hannuna. Ya hasken raina, Allah ya sani babu abin da nake ƙishirwa a duniya kamar fuskarki. Watanni nake kwana da ita ina tashi da ita. Amma ranar ba zan dube ki ba. Zan sunkuyar da kai in kalli ƙasa, tun daga fitowarki har ki gama magana. Na san idan na ɗaga ido zan karance ki kafin ki buɗe baki, ke kuma idan kika ga idona tausayi zai sa ki faɗi abin da ba shi ne a ranki ba. Wannan karon ba na son in tsinci amsa a leɓenki. Rayuwarki ce, ga karatu a gabanki, kina da ikon ki rufe ta da tafin hannunki har sai kin ga dama. Ki faɗa mini da bakinki, ko mai daɗi ko mai ɗaci.

Idan kika ce in sake farawa, zan jira ki ki gama karatunki komai daɗewa, keke kuma zai riga ki isa ɗaki. Idan kuwa kika ce an gama, ba zan yi miki gardama ba, ba zan sa ki kuka a gaban iyayenki ba. Keken dai zai dawo miki duk da haka. Ni da kaina zan buɗe gwangwanin in watsa wa kajin Mama, sun daɗe suna jira. Sai dai ki yi mini alfarma ɗaya, ki koma cikin gida kafin in ɗaga kai, don idan na ga kin kau da fuska kina duban kaji, ba zan iya juyawa in tafi tasha ba.

Ni ne naki, wanda ya zaɓe ki tun bai ga abin da ke ƙarƙashin hannunki ba, kuma ba zai sake zaɓe ba har ranar da za a rufe shi da ƙasa,

Matta.