Bangajiyar da ta kai ni Ajingi

Litinin, 6 ga Nuwamba 2023
Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, riƙe wannan: tagwaye gare ni, in na ji tausayinsu su kumbura, in na ba su wahala su gode mini. Su wa ke nan? Ba ka sani ba? To, ba ni gari.

Yau kwana tara da fitata takaba. Ɗakin Malam yana nan yadda ya bar shi, butarsa ma ban kawar ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Babban yaron nan nawa, ba zan kama sunansa ba, ya bugo daga Kano. Wai ran Asabar ta sama zai zo ya ɗauke ni, tunda ko bakin rijiya ba na iya zuwa. Wai akwai ɗaki a bene, da fanka. Ni da aka kawo nan garin Balan shekara arba'in da shida, a rataye ni a sama kamar ƙwaryar nono? Na ce to. Me zan ce? A asibiti ma sun ce jinina ya hau.

Alhamis, 9
Ban ci tuwo ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Na lissafa waɗanda suka zo mini gaisuwa, don in bi su bangajiya kafin a kwashe ni. Kowa ya zo, har wadda muka shekara ba ma ga maciji. Hanne ce kawai babu. Hanne da muka tashi tare a Kademi, muka sha duka tare kan satar tsamiyar liman. Ko saƙo. Zan je har Ajingi in yi mata bangajiyar zuwan da ba ta yi ba, in ga inda za ta sa idonta.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Na sulale bayan asuba, ban faɗa wa kowa ba. Mota ba ta samu ba, na bi hanyar gonaki da sandar Malam. Sau huɗu ina zama. Masu tugar gyaɗa suka ba ni ɗanya, na ci, na ƙara. Wani Ɗanladi mai amalanke ya ɗora ni kan karan dawa, ya ce, "Iya, ina zuwa haka?" Na ce miji zan nemo, in shi yana ciki mu daidaita. Dariya har ya kusa zuba mu a kwazazzabo. Daga baya na tuna maganar da na yi, sai na juya masa baya. Ƙarshen hanya babur na hau, ina salati.

Daren Litinin ban rubuta ba. Talata, 14
Hanne tana kwance. Ɓarin jikinta ya shanye tun farkon damina. 'Ya'yanta da nawa sun haɗa baki: kada a faɗa mini ciwonta, kada a faɗa mata rasuwar Malam, wai zuciyar tsofaffi ba ta ɗauka. Ga faɗan da na ɗauko tun daga Balan, ba inda zan ajiye shi.

Bakinta ya karkace amma bai mutu ba. "Lami, Gwadabe ya sake ki kika taho ke kaɗai?" 'Yarta Kubura tana ta ƙifta mini ido. Na ce Malam yana gida yana hutawa. Allah ya yafe mini.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Ina ba ta koko ta ce, "Yaushe ya rasu?" Cokalin ya faɗi. Ta ce kwana biyu ina gidan ban kawo ƙararsa ko sau ɗaya ba, ni da ko zama ba na yi sai na fara da rowarsa. Muka yi kukan da aka hana mu.

Da ta huce ta ce, "Ke da kike iya tashi, jeki Kademi ki gano mini ko tsamiyar nan tana nan."

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Na je. An sare ta, an kafa injin niƙa a wurin. Na tsinko ta wani gida na kawo mata. Ta tsotsa ta ce ƙarya nake, ta liman ta fi tsami.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Jiya da safe na dawo Balan, yaron ya zo da mota, ya tarar ina jan guga. Ya tsaya yana kallona. Na ce ya dawo bayan Sallah, ban ce wacce ba. Bai yi musu ba, idonsa dai ya kawo ruwa.

Kubura ta ce likita bai sa musu rai sosai kan jikin Hanne ba. Alhamis zan koma Ajingi, Hanne ta ce in gano mata kasuwa. Ba don lafiyata ba ne, kada wani ya ce. Takalmana dai sun shiga yau ba tare da na yi musu faɗa ba, kuma na cinye tuwon.

Tagwayen nan ƙafafu ne.