Tun da Zinnira ta rasu, Malam yana ƙarƙashin jif

Salamu alaikum, Anti Badi'a. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina na rasa wanda zan faɗa wa a dangi ba tare da an ce na cika mita ba.

Ni mace ce da na haura hamsin, muna zaune a Gwarzo da maigidana, Malam, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Autarmu Zinnira mun aurar da ita wani ƙauye da ke bayan Dugabau a ƙasar Kabo, gidan mutanen kirki, manoma masu kiwo. Daminar bara waccan tana da cikin fari, har na gyara mata ɗaki za ta dawo gida goyon ciki, sai naƙuda ta zo mata kafin lokaci. An kwana ana ruwa. Da hantsi mijinta ya bugo waya, Malam ya ɗauki 'yar ƙaramar motarsa, ya ce in zauna in ɗora ruwan zafi, yanzu zai dawo da ita. Ya isa lafiya, ya ɗauko ta da uwar mijinta. A hanyar dawowa, a mashigin wani rafi, mota ta kafe a taɓo. Samari suka tura suka gaji, aka kawo shanun huɗa aka ɗaura, ba ta fito ba sai bayan la'asar. A cikin motar Zinnira ta haihu, jini ya ɓalle mata. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Jaririyar ta rayu, Kamila, tana hannuna, yanzu har gudu take yi a tsakar gida.

Anti, ko a zaman makoki ban ga hawayen Malam ba. Bayan an yi arba'in sai ya rabu da ƙaramar motar, ya je Kano ya dawo da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu. Na ce a raina to, wataƙila ganin waccan ne ke tayar masa da hankali. Ashe somin abu ne. Ya samu wani bakanike a Kabo, Lukuman, suka duƙufa. Aka canza sifirin aka ɗaga motar sama, aka sa mata wasu manyan tayoyi masu haƙora kamar na tarakta. Aka ƙera mata bamba na ƙarfe, aka ɗaura injin da ke jan igiyar ƙarfe a gaba, wai ko ta kafe sai ta ciro kanta da bishiya. Aka kafa mata wani bututu har saman gilashi don kada injin ya sha ruwa. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa. Kullum da abin da bai yi ba: yau giyar motar, gobe birki, jibi ya ce ƙarar injin ba ta yi masa ba. Mutumin da a da farar riga ba ta baƙi a jikinsa, yanzu da safe in ya yi sallah ya karya sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ƙafafuwansa kawai nake gani.

Ba zan ɓoye alherin da ke ciki ba, kada Allah ya kama ni. Lambar wayarsa ta bazu a ƙauyukan Gude da Garo da Dugabau. Da damina, mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, shi ake kira, kuma ba ya karɓar komai. Akwai waɗanda suka zo har gida godiya, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka tana sa masa albarka. Na amsa mata da amin, amma da ta tafi sai na shiga ɗaki na yi nawa kukan, don 'yar wasu ta isa asibiti, tawa ba ta isa ba. Allah ya yafe mini wannan tunani.

To kuma ita kaɗai ce motar gidan. Ni mai ciwon gwiwa ce, hawanta sai an kawo mini turmi na taka, mutane suna kallo. A kan kwalta tayoyin nan gurnani suke yi har ba ka jin maganar na kusa da kai, in aka sha kwana sai in ji kamar za mu kife, in muka je Kano muka dawo kwana nake bayana na ciwo. Na daina bin sa unguwa. Shi kuwa bai ma tambaye ni dalili ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, kwanan baya ya shiga wani rafi da ruwa ke gudu har ya kai ƙofar mota, shi kaɗai, ga shi da hawan jini. Wanda ya gani da idonsa ne ya faɗa wa babban ɗanmu. Yaron ya zo ransa a ɓace, ya ce ko dai mu ɓoye makullin, ko a tara 'yan'uwan Malam a tilasta masa ya sayar. Ni ma wani lokaci haka nake ji, don na tsani ganin motar nan.

Sannan ga Kamila. Yana saya mata duk abin da take buƙata, amma bai taɓa ɗaukarta ba. In ta tafi da gudu ta riƙe masa ƙafa, sai ya ce in zo in janye ta, hannunsa da baƙin mai. Ko ranar Juma'a da ya yi wanka ya sa turare, haka yake faɗa. Tun ranar da aka binne Zinnira ni da shi ba mu taɓa zama mun ambaci sunanta ba. Anti, na rasa 'ya, kuma ina ganin kamar mijin ma na rasa shi alhali yana cikin gidan. In goyi bayan ɗana a raba shi da motar, ko in ci gaba da zuba ido?

Kakar Kamila, daga Gwarzo

*

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Zinnira da rahama, ya sa wahalar da ta sha ta zama sanadin gafara, ya raya abin da ta bari.

Amsata a taƙaice ita ce kada a ɓoye makulli, kada kuma a tara masa dangi. Ɗanku tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma tsoronsa na kan hanya, amma dattijon da aka ƙwace wa abu da ƙarfi ba ya warkewa, sai dai ya ƙara shiru. Malam ya tsaya a bakin rafi yana kallon ran 'yarsa yana tafiya, motarsa ta kasa motsi. Ke kin samu hawaye da jaririya a hannu. Shi sifana ya samu. Duk ƙarfen da ya ƙara wa jif ɗin nan, da waccan ranar yake faɗa.

Amma fahimtarsa ba ta nufin ke ki haɗiye naki. Kina da haƙƙi a kansa, kuma kukan da kika yi bayan tafiyar tsohuwar nan ba hassada ba ce, uwa ce ta tuna 'yarta. Ki daina tuhumar kanki a kai.

Na kai maganar motar wajen wani tsohon direba da ya daɗe yana bin hanyoyin karkara. Ya ce jin da kike yi kamar za ku kife ba tsoron mata ba ne: motar da aka ɗaga ta fi saurin karkata a kwana, dole a rage gudu da ita a kwalta, kuma bayan an sa manyan tayoyi sai an sake duba birki da sitiyari da kyau. Ya ce tayoyin laka na damina ne; akwai masu matsakaitan haƙora da ke bin burji da kwalta ba tare da gurnani ba, da rani sai a koma musu. Za a iya sassauta taurin sifirin, a kuma ƙera matakala a gefen ƙofa. Ki nemi wannan da bakinki. Mutumin da ke neman abin gyarawa kullum, ki ba shi aikin da zai yi domin ke. Ina kyautata zaton zai yi shi da murna.

Maganar rafi kuwa ba ta wasa ba ce. Direban ya ce bututun nan injin kawai yake karewa, ba ya hana ruwa mai gudu ɗaukar mota ɗungurungum. A nan ne ɗanku zai yi amfani, cikin ladabi, shi da Lukuman, tunda Malam yana jin maganarsa a kan mota. Su roƙe shi abu kaɗan: kada ya fita shi kaɗai, kada ya shiga ruwa mai gudu, ya riƙa auna jininsa yana shan magani. Ya kuma koya wa wani natsattsen direba daga ƙauyukan nan tuƙa ta, don aikin alherin ya ɗore ko ranar da jikinsa bai ba shi ba.

Game da Kamila, kada ki ɗora masa ita a cinya da dole, kada kuma ki yi masa gori. A mota aka haife ta, a gabansa, a sa'ar da uwarta ke barin duniya. Ganinta yana mayar da shi can. Ki riƙa zama da ita a inuwa kusa da inda yake aiki, nesa da ƙarafa, ki bar shi ya saba da muryarta. Yara suna da nasu hanyoyin.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran nauyi. Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, ban ga inda kika ce wani ya taɓa gaya wa Malam cewa ba laifinsa ba ne. Na san mutane sun ce masa ƙaddara ce, sun ce ya yi haƙuri. Amma daga bakinki yake jira, ke da ya ce wa yanzu zai dawo da ita. Ki nemi lokacin da gida ya yi tsit, ki zauna kusa da shi, ki ambaci sunan 'yarku, ki ce masa ba ki taɓa riƙe shi da komai ba. Wataƙila ya tashi ya fita. Ki ƙyale shi, ya ji. Bayan kwana biyu ki sake.

Allah ya sanyaya zukatanku ku biyu, ya tsare Malam a hanyoyin da yake bi, ya ba ki lafiyar gwiwa da ƙarfin zuciya.

Anti Badi'a