Ba Ta da Uban da Ya Wuce Ni

Ba'awa, Kiru
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Tudun Wada. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka, alhamdu lillahi.

Ba zan ɓoye maka ba, har yau ina riƙe da kai a zuciya. Tun shekarar da na yi ritaya ka ce za ka zo da motarka ka kai ni Kano a cire mini yanar idon nan. Motar ta tsufa ka sayar, ido kuwa sai ƙara duhu yake. Ni da na koyar da adabin Hausa a sakandare har kaina ya yi fari, yau gara ce ke karanta littattafaina. Wannan rubutun da kake gani kamar na ɗan aji ɗaya, hannu ne kawai ya haddace hanya.

Ga abin da zai ba ka dariya. Ka san yadda na tsani littattafan soyayyar nan na waya, waɗanda ba waƙafi ba aya. To yanzu ɗaya daga cikinsu nake jira kullum. Shamsiyya ce ta jawo, 'yar abokinmu marigayi Mujitaba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan uwarta a bayan katangarmu, tana koyarwa a firamare. Bayan la'asar takan shigo gai da yayata Tasalla, sai ta buɗe waya ta karanta mana a gindin darbejiya. Da farko gyaran nahawu kawai nake yi, har Tasalla ta ce ko in rufe mata baki ko in koma zaure da jan birona.

Labarin wani dattijo ne, Hamma, mai gyaran keken ɗinki, da wata tela Ilham wadda ya isa ya haife ta. Kawu take ce masa. Marubuciyar ba ta san ƙa'idar rubutu ba, amma wallahi ta san yadda tsoho ke jin kunyar bayan hannunsa idan zai miƙa wa mace abu. Akwai wurin da Ilham ta zo karɓar kekenta, ta buɗe baki za ta ce Kawu, kalmar ta maƙale mata, tun daga ranar ba ta sake faɗinta ba. Shamsiyya ta maimaita wurin. Da ta ajiye wayar sai ta tambaye ni, wai Baba, shin furfura aibi ce ga miji? Tasalla ta ce aibinta ɗaya, ba ta daɗewa a gida sai a kai ta makwanci. Suka yi dariya.

Sha'aibu, kai kaɗai zan faɗa wa. Na sa an wanke babbar rigata ta salla, na sayi turare. Jiya ta ce akwai maganar da take son yi da ni, kunya ce ke hana ta. Kullum ina kasa kunne in ji ranar da Baban nan zai maƙale mata kamar yadda Kawu ya maƙale wa ta littafin. In hauka nake yi, rubuto ka faɗa mini tun da wuri.

Ka gai da mutanen gida.

Naka,
Ladan

Ba'awa, Kiru
28 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, gero kuma ya yi kyau. Amsarka ba ta zo ba. Kada ka wahalar da kanka, ba ta da sauran amfani.

Ta yi maganar. Tare da uwarta Hasiya suka shigo, ina zaune na sha turare. Aure take so, kuma dattijo ne, amma Maikano ne mai kifi na Tiga. Kana tuna shi, wanda ya gudu daga aji uku bai iya rubuta sunansa ba. Ya girme ni da damina guda. Matarsa ta rasu bara, shi ke kawo musu kifi ranar kasuwa. Ashe shi take gani a cikin littafin. Ni kuwa karatun da take mini share fage ne, tana auna ko uba zai yarda da tsoho.

Ka san 'yan'uwan Mujitaba maza duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma a gabanka ya bar mini amanar gidansa. Shamsiyya ta durƙusa ta ce ni ne waliyyinta, ba ta da uban da ya wuce ni. Kalmar da na yi ta jira ta bari, ranar ta faɗe ta fiye da kullum. Tasalla, wadda bakinta ba ya hutawa, ta shaƙi turaren, ta dube ni, ta tashi ta shige ɗaki.

Na yi binciken da waliyyi ke yi, ina roƙon Allah a samu aibi. Na aika Tiga, na aika Bebeji wajen danginsa. Yana salla a sahu, ba ya cin haƙƙin masunta, ya yi jinyar matarsa har ta cika a hannunsa. Abu ɗaya za a iya faɗi a kansa, tsufa. In na faɗi wannan kuwa, kaina na yanke wa hukunci.

Ranar Juma'a aka ɗaura. Babbar rigar nan na sa, tunda an riga an wanke. Liman ya tambaya, na ce na bayar, da bakina, kowa ya ji. Bayan fatiha Maikano ya ratso jama'a yana ƙarnin kifi, ya durƙusa da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ce wai Baba, a sa wa yara albarka. Masallaci ya ɗauki dariya, wani ya ce a taimaka a ɗaga yaron kafin ya ƙage. Ni ma na yi dariyar, na sa albarkar.

Maganar asibiti ka bar ta, ban ga abin da nake ɗokin gani ba. Ka gai da iyali.

A littafin nan, mun tsaya ne a inda Hamma ya rufe shagonsa ya nufi gidan su Ilham. Shamsiyya ta tare a Tiga, wayar tana hannunta. Ban ji ko an ba shi ita ba.

Naka,
Ladan