Lu'ulu'un da Farfesa Ya Fasa

Assalamu alaikum Yaya, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, Ya sauƙaƙa muku zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Autanmu ya gama jarrabawa, yanzu aikinsa barci da cinye mana abinci.

Yaya, Inna ta faɗa mini ka kira ta, ka ce in je in ba abokinka Farfesa, malamin da ke duba bincikena, haƙuri. Ka saurari nasa bayanin, ni ko sallama ba ka yi mini ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka nawa. Kullum kana tsokanata wai karatun digirina na uku dafa dutse ne. To, kusan hakan ne. Nakan haɗa garin sinadarai a bututun gilashi, in liƙe bakinsa, in sa a tanderu ya narke, sannan ya riƙa daskarewa a hankali har ya zama lu'ulu'u guda. Ba na ado ba ne. Idan aka harba hasken leza ta cikinsa, yakan juya shi zuwa wani haske da ido ba ya gani, kuma da wannan hasken ake gano iskar gas mai guba idan ta yoyo. Sharaɗinsa ɗaya ne, a bar shi ya huce da kansa. Iskar waje ta taɓa shi da zafinsa, ya tashi daga aiki.

Shekara biyu ina fitar da tarkace mai duhu kamar garwashi. Wannan karon ya kama. Ta ramin leƙen tanderun na ga lu'ulu'un garau, launin zuma, har na yi ƙwalla ni kaɗai a ɗakin gwaji. Saura kwanaki ya gama hucewa sai ga baƙi daga hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken. Farfesa ya ce a fito da shi su gani. Na roƙe shi, na nuna masa ma'aunin zafi, na ce su leƙa ta ramin kamar yadda nake yi. Ya ce shi ya koya mini wannan aiki, ba zai sa manyan mutane su sunkuya suna leƙe kamar ɓarayi ba. Da hannunsa ya buɗe murfin. Duk ɗakin mun ji ƙarar, ƙas, kamar an taka kofin gilashi. Nan take ya juyo ya gaya wa baƙin wai ɗalibarsa ce ta yi kuskuren saita tanderu.

Ban ƙaryata shi a gabansu ba saboda tarbiyya. Da suka tafi na ce masa bai kyauta ba, wannan ita ce rashin kunyar da ya kai maka ƙara. Yanzu ya ce ko in tsaya gaban kwamitin sashe in ɗauki laifin, ya bar ni in sake wani, ko in nemi wani malamin. Ka san babu wani mai irin wannan tanderun, kuma ba wanda zai ɗauki ɗalibar da Farfesa ya kora.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba shi kaɗai ya ɓata shi ba. Shi dama na san halinsa. Kai ne ka kai ni wurinsa ka ce amana ce, ga shi ranar da ta ɓaci abotarku ka fara tsarewa. Inna ta yi kuka ta ce kada in watsa maka ƙasa a ido. Don haka gobe zan je gaban kwamiti in ce hannuna ne, ka kwantar da hankalinka. Amma ka sani, Yaya, ba Farfesa ne ya durƙusar da ni ba, kai ne.

Ka gaida Anti da yaran, musamman takwarata. Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Dafa Dutse