Ruwan Marigayiya Eulogia

Gan Gan, 9 ga Janairu

Zuwa ga Babana Fermín,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar, yaya kuma zafin Rosario? Ina fata kana shan maganin hawan jinin nan, ba ka ajiye shi a kan firiji yana kallonka kana kallonsa ba. Tunda ka rantse kunnenka ba ya jin waya, ga takarda, sai ka nemo tabarau.

Yau watanmu bakwai a cikin Kunkuru. Ka tuna ranar da muka saye ta, ka zagaye ta sau biyu ka ce mota ce ta haɗiyi ɗaki ya tsaya mata a wuya? To, har yanzu tana rarrafawa. Ni ina zanen gine-ginena a kan teburin da muke cin abinci, in aika wa kamfaninmu a Córdoba. Surukinka Dalmiro yana koyar da lissafinsa ta kwamfuta, kuma ya ƙara ƙiba, sunan Lukuti da nake kiransa ya zauna masa daram. Wahalarmu ɗaya ce, sabis. Mun zama mafarautan tudu da gidajen mai, duk inda waya ta nuna sanda biyu nan ne gida.

Akwai abin da zan faɗa maka, amma kada ka yi min faɗa. Ranar Litinin a hanyar burjin nan ta tsohuwar sana'arka, tsakuwa ta fasa tiyon tankinmu, ruwanmu ya tsiyaye kaf ba mu sani ba. Rana tsaka sai lagireto ya tafasa. Muka tsaya, babu mota babu mutum, sai iska da ƙaya. A gefen hanya ga ɗan ɗakin mamaci, irin wanda ake ginawa inda wani ya rasu, shuɗi, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da gicciye a kai, an rubuta Eulogia. Kwalaben ruwa huɗu ne kawai a gabansa, duk rana ta cinye launinsu. Da gani an daɗe ba a kawo mata ba.

Na san doka, kai ka koya min tun ina zama a gefenka cikin jar motarka ta ulu. A danna hon in za a wuce. Mota tana iya aron ruwan mamaci, amma a mayar. Mai rai kuwa ba ya kai shi baki. Dalmiro ya zuba uku a lagireto, kafin in juyo ya kafa kai a ta huɗu. Na daka masa tsawa, ya goge baki ya ce, "Haba Siririya, wadda ta mutu ai ta gama da ƙishi, mu ne da sauran aiki."

Gaskiya shi ya fara cewa mu biya. Ana hango famfon wani makiyayi can nesa, ya ce mu je mu cika kwalaben mu dawo, awa ɗaya ce. Na duba agogo. Ƙarfe uku ina da taro da oga ta bidiyo, kuma sai Gan Gan ake samun sabis. Na ce ya ja mu tafi, ma dawo wata rana. Ko hon ɗin ban bari ya danna ba, don na riga na buɗe kwamfuta ina haɗa takardu. Mun iso saura minti biyar, oga ya yaba aikin.

Gobe za mu nufi duwatsu, can ruwa har ya yi yawa. Ka gaishe da maƙwabta.

Taka har kullum,
Griselda

Trevelin, 27 ga Janairu

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni dai ba lafiya nake rubuto maka ba. Ka zauna kafin ka karanta.

Dalmiro ƙishi yake ji. Ba irin namu ba. Mun ajiye Kunkuru a bakin kogi, yana shan jarka guda kafin azahar, amma leɓɓansa sun tsage kamar ƙasar da ta shekara ba ruwa. Abinci baya wuce masa. Wandonsa yanzu da igiyar shanya yake ɗaure shi. Na kai shi asibiti, aka auna suga, aka duba ƙoda, nas ɗin ta ce, "Baiwar Allah, mijinki ya fi ni lafiya a takarda." Ranar da na kira shi Lukuti na ga wuyansa, sai na fita waje na yi kuka.

Ba wannan ne ya fi tayar min da hankali ba. Litinin da ta wuce muna taro, hantsi ya dubi ludayi, rana fal cikin mota. Mirta, abokiyar aikina mai bakin nan, ta katse oga ta ce, "Ke Griselda, ashe surukarki ta biyo ku? Kai, kin shiga uku, suruka a cikin gwangwani! Gaishe min da ita." Aka yi dariya. Na ce wace suruka. Ta ce, "Ga ta nan a bayanki mana, mai koren kallabi. Ki ba ta ruwa don Allah, tun ɗazu take riƙe da jarka ba komai a ciki." Na waiwaya, benci ne kawai da matashi. A allon kwamfutata ma ba kowa. Mutum shida ne a taron nan, Baba, biyar sun gan ta. Ɗayansu har ɗaga mata hannu ya yi.

Sai jiya da la'asar. Dalmiro ne mai zuba mate kamar kullum, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da tsinken ƙarfe, ƙoƙo ɗaya yana zagaya kowa. Ya sha na farko, ya cika ƙoƙon ya miƙo min, na shanye na mayar masa. Ya sake cikawa, maimakon ya sha, sai ya ajiye shi a bakin tebur wajen bencin nan, ya juya tsinken shan ya fuskanci can. Na zuba ido. Ba abin da ya motsa. Amma da kunnena na ji ƙarar nan da tsinke yake yi idan ruwa ya ƙare a ƙasan ƙoƙo. Ya ɗauka, babu ko ɗigo.

Na ce, "Lukuti, me kake yi haka?" Ya ce, "Layinta ne." Na ce na wa. Ya dube ni kamar na yi rashin kunya a gaban baƙi, ya rage murya ya ce, "Siririya, a gidanku haka ake yi? Ai ba a cire mutum daga zagaye sai ya ce na gode. Ita kuwa ba ta ce ba."

Filas uku ya juye mata. Duk ƙoƙon da ta sha, sai in ga shi ne yake ƙara bushewa.

Tsoro nake ji, Baba, na faɗa maka ba kunya. Ni da na yi maka dariya kana danna wa matattu hon. Shekara talatin ka yi kana bin hanyar nan, ko ka san wace ce Eulogia? Ka rubuto min ta gidan wayan Trevelin, ba za mu motsa ba sai na ji daga gare ka.

'Yarka,
Griselda

Trevelin, 12 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka, ina kuma fata wasiƙar nan ta same ka da sauƙin zuciya fiye da yadda taka ta same ni. Sau uku na karanta ta a tsaye a ƙofar gidan waya, har ma'aikacin ya miƙo min kujera.

Ashe ka san ta. Ashe kai ne direban da ta tare da rana tsaka, tana ɗaga jarka, keken dokinsu ya karye, ta baro mijinta ta fito neman ruwa. Ka ce ka ga koren kallabin tun daga nesa, ka duba agogo, jirgin ruwan da zai ɗauki ulu ba ya jira, ka ce wani zai zo a bayanka. Ba wanda ya zo sai bayan kwana uku. Ashe kai ka gina ɗan ɗakin nan da hannunka, shi ya sa shuɗin ya yi min kama da na ƙofar gidanmu. Ka yi ta kai mata ruwa har ƙafa ta ajiye ka, kuma ko Mama ba ka taɓa gaya wa ba.

Na yi fushi da kai kwana guda cur. Na ce mutumin da ya cika min kunne da dokokin hanya, ashe shi ya taka babbar. Washegari ina wanke ƙoƙon mate sai fushin ya juyo kaina. Kai ka duba agogo, ni ma na duba agogo, a wuri ɗaya, a gaban mace ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dalmiro ya sha ruwan, amma ni na hana a mayar.

Yanzu ba ya iya tuƙi, ya sallami ɗalibansa. Jiya na taimaka masa ya sauko daga gado, na ji shi a hannuna sakayau.

Jibi Litinin ne zan gabatar da zanen da na yi wata huɗu a kansa, a gaban masu ginin. Daga nan zuwa wurin Eulogia kwana biyu ne a tafiyar Kunkuru, kuma babu sabis. Na roƙi oga ya ɗaga, ya ce, "Griselda, da kika ce za ki yi aiki daga cikin mota na yarda, ban ce ki yi daga lahira ba. In ba ki fito Litinin ba, kada ki fito Talata." Mirta ta kira ni a ɓoye, ba wasa a muryarta, ta ce, "Ƙawata, tafi. Ranar nan na ga matar ta matso kusa da mijinki, hannunta a kafaɗarsa yake."

Na rufe kwamfutar na sa ta ƙarƙashin gado. Na cika tanki, na cika duk wani abu mai murfi a motar nan. Da safe ni zan ja. Ka kunna mana kyandir.

Taka,
Griselda

Gan Gan, 16 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana cin abinci. Bari in fara da abin da kake jira: yana raye. Yanzu haka yana gabana yana cin gasasshen rago kamar wanda aka sako daga kurkuku, mai gidan abincin tana tambayata ko a gida ba na ba shi.

Mun isa Litinin da rana tsaka. Kwalaben huɗu suna nan inda muka yar da su, iskar nan da take kifar da tirela ba ta gusar da ko ɗaya ba. Na wanke su na cika, na jera duk abin da na kawo, har tukunyar miya. Na share ɗakin, na ga shatar babban yatsanka a simintin. Na koma mota na duba Dalmiro. Ba abin da ya sauya, harshensa ma ya ƙi juyawa.

Sai na gane ba biyan ruwa kaɗai take jira ba. Shekara nawa ana ajiye mata kwalba a wuce, ba wanda ya taɓa zama. Na fito da kujeru uku, na jingina shi a ɗaya, na dafa ruwa, na karɓi zuba mate da kaina. Na sha, na ba shi, na ajiye mata. Tsinke ya yi ƙara. Na ce, "Doña Eulogia, ni ce 'yar mai jar mota. Yau ba inda za ni." Ƙarfe uku ta yi, lokacin taron, na ji shi a jikina, na cire agogon na sa a aljihu. Muka yi ta zagayawa har inuwar Kunkuru ta tsallaka hanya.

A filas na huɗu, na ajiye mata, shiru. Ƙoƙon yana cike yana tururi. Iska ta tsaya cak, abin da ban taɓa gani ba a ƙasar nan. Sai Dalmiro ya buɗe baki, idonsa a rufe, muryar da ta fito ta mace ce, a dishe, ta ce, "Na gode, 'yata." Ya sunkuyar da kai ya yi barci. Da ya farka abin da ya fara cewa shi ne, "Siririya, wai ba abinci a gidan nan?" Na rungume shi ina kuka ina zaginsa.

Aikin ya tafi, saƙon oga na tarar da muka shigo gari. Ban ji zafin da na zata ba.

Saura abu ɗaya, kuma ban gaya wa Dalmiro ba. Bayan ta ce na gode, ina tattara kujeru, muryar ta ƙara magana. Ba da faɗa ba, kamar mai tambayar maƙwabcin da ya daɗe bai leƙo ba. Ta ce, "Shi fa? Kullum sai ya ajiye ya gudu, bai taɓa kashe injin ba."

Da na ɗora kujerun a mota na juyo, ta ukun ba ta nan. Tana can gefen ɗakin, a buɗe, tana fuskantar arewa, hanyar Rosario. Na bar mata ita.

A ƙarshen wasiƙarka ka rubuta cewa kwanan nan bakinka yana yawan bushewa, ka ce zafi ne. Baba, ba zafi ba ne. Gobe za mu kamo hanya, kwana biyar in Kunkuru ta yarda. Kada ka ce min ƙafa, akwai gado a motar nan, kai da kanka ka ce ta haɗiyi ɗaki. Ka haɗa kayanka, ka ɗauko tsohon ƙoƙonka da ragowar shuɗin fentin nan. Agogon ka bar shi a gida.

Kafin mu iso, in za ka sha mate, ka riƙa zuba na mutum biyu.

'Yarka mai ƙaunarka,
Griselda