Allurar da Na Kai Intabiyu

Zuwa ga Abban Shalele,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga matarka da ke nesa. Ina fata kana lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta, da Shalele sarkin ɓarna. Ya shago, ya ɗinki? Ni ma ƙalau nake, sai kewarku da ta hana ni sakat.

Na rubuto ne don a waya ba na samun faɗa maka komai. Da na fara magana sai Shalele ta fizge wayar tana hura mini iska a kunne, ni kuma in biye mata. To ga labarin. Kamfaninmu na tabarau zai buɗe ƙaramin reshe a nan gida, a layin da ke bayan shagonka, kuma mutum ɗaya za a tura daga cikinmu masu gwada wa mutane gilashi. Manajanmu ne ya faɗa mana. Ka duba fa, in tashi aiki in biyo ta shagonka, in tarar da 'yata idonta biyu. Na bar ta tana rarrafe, yanzu ka ce har gudu take yi, ni ban ga takunta na farko ba.

Intabiyu za a yi mana, manya za su zo daga hedikwata. 'Yar Gayu, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, ta samo wasu amsoshi a waya, kowa ya kwafa yana ta hadda. Wai idan an tambaye ka rauninka, ka ce son aiki ne ya yi maka yawa. Wai kuma kada ka kuskura ka ambaci iyali, sai a ce ba aikin ne a gabanka ba. Jiya har mai shara na ji yana maimaitawa yana goge madubi. Ni na gwada a gaban 'Yar Gayu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kamar ana karanta mini laifina.

Abin da na iya guda ne, kai ma ka san shi. Tsofaffin da ba su yi boko ba, in an tsayar da su gaban allon haruffa kunya ke kama su, sai su yi ta cewa suna gani alhali ba sa gani. Ni kuwa allurar nan da na ɗauko a shagonka nake miƙa musu da zare. In zaren ya shiga, gilashin ya yi. Manaja kawar da kai yake yi in ya gani. Shin in faɗi wannan, ko in bi sahun jama'a? Ka ba ni shawara ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Ka gaishe da Inna, ka sumbaci Shalele a goshi.

Taka har kullum,
Maman Shalele

Zuwa ga Abban Shalele,

Assalamu alaikum, mai gidana kuma mai ba ni shawara. Ina fata kun wuni lafiya. Na ga amsarka, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Ka ce in mutane suka kawo maka yadi iri ɗaya suka ce ɗinki iri ɗaya, kai kanka ba ka gane na wane da na wane, don haka in je a yadda nake. To na je, ka saurara ka ji.

A ofishin Manaja aka yi, aka jera mu a benci a waje. Kowa ya sa baƙar kwat kamar an haɗa baki, ni kaɗai ce cikin shuɗiyar rigar da ka ɗinka mini, mai aljihu a gefe. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, muna jin kowa yana shiga yana cewa son aiki ya yi masa yawa. Da aka kira ni, na tarar da Babbar Likita, wata dattijuwa da ta zo daga hedikwata, ta zuba tagumi tana danne hamma.

Ta tambaye ni raunina ba tare da ta ɗago ba. Na ce mata ni dai ina daɗewa da tsofaffi, har layi ya taru a bayansu. Sai ta ɗago. Na sa hannu a aljihu na fito da allura da zare, na yi mata bayani. Wallahi Abban Shalele, matar nan cire gilashinta ta yi ta karɓa, ta yi ta laluben kafar allurar ta kasa. Ta mayar da gilashin, zare ya shige, ta saki dariya har tana buga tebur. Daga nan hira ta ɓarke. Ta tambaye ni yadda nake yi da mai rawar hannu, na ce carbi ko hatsi a tafin hannu nake sa shi ya ware mini. Ta yi ta rubutu. Na daɗe a ciki har 'Yar Gayu ta zaci suma na yi.

Sai da na fito na tuna ban ambace ku ba, ko da kalma ɗaya. Daɗin hirar ya ɗauke ni, ita ma ba ta tambaya ba. Amma ba komai, ai sun san reshen gida na nema.

Na riga na gaya wa mai gidan haya ta nemi wata 'yar haya. Na ɗaure kayana, katifa da buta kawai na bari a waje. Ka gyara mana labulen ɗaki, ka ce wa Inna hutunta ya zo.

Taka mai ɗokin ganinku,
Maman Shalele

Zuwa ga Abban Shalele,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah ya sa kuna lafiya. Ka yi haƙuri da ban ɗauki wayarka ba, muryata ce ba ta da kyau.

Sakamako ya fito. Manaja ya tara mu, ya kira ni gaba, aka yi ta tafi. Babbar Likita ta ce ni take so a hedikwata, in riƙa koya wa sababbin ma'aikata yadda ake yi da tsofaffi. Reshen gida kuwa 'Yar Gayu aka ba, wai ƙaramin wuri ne, kowa zai iya riƙe shi. Ka san hedikwata ta fi nan nisa da ku. Ina tsaye ana rungume ni ana yi mini murna, ni kuma ina neman inda zan zauna.

Na kira Likitar na gaya mata ina da ƙaramar yarinya. Ta ce me ya hana ni faɗa a ranar, ga shi an riga an sa hannu. Ta ce in yi haƙuri, in reshen ya girma za a duba. Mutuniyar kirki ce, shi ya sa ma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ajiye aikin kuwa ba zai yiwu ba, ka san maganin Inna ba ya jira. Kada ka sa wa ranka cewa shawararka ce ta jawo. Gaskiya ka faɗa mini, sun gane ni a cikin kowa.

'Yar Gayu ta yi kuka ta fi ni, har ta je ta roƙi a musanya aka ƙi. Za ta zo muku da ƙaramin takalmin da na saya wa Shalele, ban san ko zai shiga ba, da ido na auna. Ku karɓe ta da kyau.

Abu ɗaya nake roƙonka. Direba ya ce mini ya tarar da Shalele zaune a bakin ƙofa, wai kun ce mata Mama na hanya, duk motar da ta tsaya sai ta miƙe. Don Allah ka shigar da ita ciki. Ka daina ce mata na kusa.

Taka,
Maman Shalele